Shaidar da Muka Bayar Wata Huɗu Kafin Lokacinta

Salama gare ku, 'yan'uwana mata. Sunana Saratu, matar Yohanna makanike. A Daura muke zaune, shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na haifi 'ya'ya uku na shiga ajin yaƙi da jahilci na majami'armu, don haka in kun ga rubutun ya karkace, ku yi mini haƙuri. Matar fasto ce ta ce in rubuta jinyar 'yata Rifkatu, kada wata uwa ta yi abin da muka yi. Na daɗe ina cewa to ina ajiye biro. Sai da Rifkatu da gwaggonta suka ce in rubuta komai, kada in ɓoye sunan kowa, sannan na zauna.

Rifkatu ce babbar 'yata. Shekararta ashirin da ɗaya lokacin da ciwon ya fara. Tela ce, kuma ita ke ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙa, saura su amsa. Gwaggonta ita ce Yaya Hannatu, yayar mijina, wadda ta rene shi bayan rasuwar uwarsu. Ita ce shugabar zumuntar mata, ita ce kuma ta kama hannuna ta koya mini rubuta sunana. Ba ta da 'ya mace, mijinta ya daɗe da rasuwa, sai ta ɗauki Rifkatu kamar ita ta haife ta. Keken ɗinkin ma ita ta saya mata. Na faɗi wannan tun farko don ku san ba maƙiyi ne ya shigo mana gida ba.

Tarin ya fara ne da faɗuwar damina. Muka ce mura ce. Mako na biyu na sayo mata ruwan maganin tari a kemis. Mako na uku zazzaɓi ya fara zuwa mata da yamma, da safe kuma sai in tarar da zanin gadonta sharkaf da gumi. Mai kemis ya ce maleriya ce, muka sha. Ya ce to taifot ce, muka sha. Babanta ya ce gashin yadi ne take shaƙa wajen ɗinki. Wata 'yar'uwarmu da ke aure a Sandamu ta aiko da sassaƙe a tafasa. Maƙwabciyata Iya Mairo, wadda muke katanga ɗaya, ta haɗa mata zuma da citta da kanumfari. Duk wanda ya kawo abu sai mu karɓa mu yi godiya. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne ranar da na ga Rifkatu tana rage wa siket ɗinta ƙugu, kuma na san ta rage shi mako biyu da suka wuce.

Iya Mairo ce ta leƙo ta kan katanga wata rana ta ce, “Maman Rifkatu, tarin nan ya wuce na zuma. Ina jin sa daga ɗakina. Irinsa ƙanin maigidana ya yi. Ki kai ta asibiti a duba kakinta.”

Mun je asibiti tun kafin rana ta yi zafi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Layin kati daban, layin likita daban, ga Rifkatu tana jingina da ni. Likitan bai ɗaga kai sosai ba, amma ya rubuta abin da ya kamata. Aka ba mu 'yar roba ta tofa kaki a ciki. Sau uku muna komawa kafin sakamako ya fito. Tarin fuka ne, wanda wasu ke ce wa tibi.

Aka tura mu wani ƙaramin ɗaki can bayan asibitin, mai benci biyu a gindin darbejiya. Nan muka haɗu da Malam Sani, ma'aikacin da ke kula da masu irin wannan tarin, mutumin garin Babban Mutum ne. Ya ɗora ta a sikeli, ya ba mu kati mai ƙananan gidaje, kowace rana da gidanta. Ya ce maganin kyauta ne, a sha da safe kafin a ci komai. Ya ce fitsarinta zai koma ja kamar ruwan goro, kada mu tsorata. Ya ce a buɗe tagogi, a kawo sauran 'yan gidan a duba su. Sannan ya dube ni ya faɗi maganar da har yau take kunnena.

“Mama, wata shida ne, ba fashi. In ta yi wata biyu za ta ji garau. A nan nake rasa mutane. Cutar nan ba mutuwa take yi a wata biyu ba, suma take yi.”

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin. Ba zan ce ba a gaya mana ba.

Malam Sani ya ce dole a sami mutum ɗaya da zai riƙa ganin ta haɗiye maganin da idonsa. Ni ce. Ina tsoron mantuwa, sai na haɗa shi da abin da ba na mantawa. Ina da ɗan littafin karatun kowace rana, irin wanda ake kawo mana majami'a farkon shekara. Kowace rana da shafinta: inda za a karanta a Littafi Mai Tsarki, ɗan bayani, sai gajeruwar addu'a. Da an kira sallar asuba a masallacin bayan gidanmu nake tashi. In gari ya ɗan waye sai in kai wa Rifkatu ƙwayoyinta da ruwa. Ta haɗiye, in yi 'yar alama da fensir a kusurwar shafin, in yi wata a katin asibiti, sannan in yi mana karatu da yatsa a kan layi. In na yi tuntuɓe a kalma sai ta gyara mini tana dariya.

“Mama, wannan sunan gari ne, ba sunan mutum ba.”

“To su ma su riƙa sa sunan da baki zai iya ɗauka.”

Maganin kyauta ne, gaskiya. Amma ƙwai da madara da kuɗin keke zuwa asibiti ba kyauta ba ne, akuyata ɗaya ta tafi a nan. Ban yi baƙin ciki ba, don ina ganin amfanin. Mako na uku ta nemi ƙarin tuwo. Mako na biyar gumin ya tsaya. Mako na shida ta hau keke ta ɗinka wa ƙanwarta riga. Kafin wata biyu ya cika kumatunta sun dawo. Duk wannan lokacin Yaya Hannatu tana tara mata kowace Laraba suna azumi da addu'a saboda Rifkatu. Wannan ma ba zan manta ba.

Sai Lahadin godiyar kaka ta zo. Ga waɗanda ba su san yadda muke yi ba, ranar kowane gida yana fitowa da rawa zuwa gaban majami'a da abin da Allah ya ba shi. Mai damin gero, mai kaza, mai kwanon wake. 'Yan'uwanmu Ibo masu shagunan kayan mota su kawo katan na sabulu ko galan na baƙin mai. Wanda kuma Allah ya fid da shi daga wata wahala yakan kawo alamarta ya ajiye, ya ba da shaida. Na taɓa ganin wanda ya kawo sandar da ya dogara da ita bayan karaya.

Ranar Asabar da la'asar Yaya Hannatu ta shigo. Ta dubi Rifkatu tana guga, ta ce, “Gobe 'yata za ta ba da shaida. Saratu, kawo mini sauran maganin da katin.”

Na ce, “Yaya, Malam Sani ya ce wata shida.”

“Malam Sani ne ya warkar da ita? Dube ta. Ubangiji ya gama aikinsa, ke kina nan kina ƙirga ƙwaya. Ba za ta tsaya gaban jama'a ta ce ta warke ba, washegari ta koma tana haɗiyar magani a ɓoye. Wannan shakka ce.”

Na dubi Yohanna. Ya dubi ƙasa ya ce, “Yaya ta fi mu sanin Littafi.”

Ni ma haka na ɗauka. Matar da ta koya mini baƙaƙe, ni zan koya mata bangaskiya? Na shiga ɗaki na ɗauko maganin na miƙa mata da hannuna. Ta kama hannun Rifkatu biyu, suka durƙusa, suka yi wa'adi a gaban Allah cewa daga ranar ba za ta ƙara neman taimakon ƙwaya a kan wannan ciwon ba.

Washegari Yaya ta ɗora maganin da katin a faranti, ta rufe da farin ƙyalle. Rifkatu ta ba da waƙa da muryar da ta yi wata huɗu ba a ji ba. Mata suna kuka. Ta ce Ubangiji ya warkar da ita sarai. Fasto ya sa mata albarka. Daga baya ya gaya mana shi ya ɗauka ta gama shan maganin ne, ragowa aka kawo. Ni kuwa na yi guɗa. Ina so wannan ya shiga rubutu: na san abin da ke ƙarƙashin ƙyallen, na kuma yi guɗa. Bayan an tashi Yaya ta ƙone su a bayan majami'a tare da shara.

Malam Sani ya kira wayar Rifkatu sau biyu, ba ta ɗauka ba. Ran nan sai ga shi a babur har ƙofar gida. Na fita na ce masa ta warke, mun gode. Ya dube ni ya ce, “Allah ya sa haka. Ɗakina dai yana nan inda kika san shi.”

Kirsimeti ya zo lafiya, ta yi ɗinki har ta gaji. Ina ci gaba da karatuna na safe, fensir kuwa yana cikin kwano ba mai taɓa shi. Bayan sabuwar shekara na lura tana taka keken da ƙarfi fiye da da, har in ce mata za ta karya allura. Ashe ƙarar keken take rufe tari da ita. Wata rana na jawo buhun ƙyallayen da ke ƙarƙashin keken, ina so in cusa matashi. Na zazzage. Ƙyallayen ƙasa duk a dunƙule suke, da busasshen jini a ciki.

Na kai mata na ajiye a cinyarta. Na ce, “Sa mayafinki mu je wurin Malam Sani.”

Ta ce, “Ba zan je ba, Mama.”

“Rifkatu, jini ne fa.”

“Na tsaya gaban ikilisiya na ce Allah ya warkar da ni. In na koma asibiti me na ce ke nan? Ko ni na yi ƙarya, ko shi. Kuma na yi wa'adi. Gwaggo ta ce in tarin ya dawo gwaji ne, in na sha magani na fāɗi.”

Ashe gwaggonta ta san tarin ya dawo, jinin ne kawai ba ta sani ba. Da yamma sai ga ta da kwalbar man zaitun, ta ce Rifkatu za ta yi azumin kwana uku, ba ci ba sha har faɗuwar rana. Yarinyar da ƙashin wuyanta ya fito. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ranar ma ban ɗaga ba. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin na ce, “Yaya, ki fita mini daga gida.” Ta dube ni kamar ba ta gane ni ba. Ta ɗauki kwalbarta ta fita.

Mako uku ba mu yi magana ba. Na sauya benci a majami'a. Ranar Jibin Ubangiji, da ake fita gaba karɓar gurasa da ƙoƙo, na zauna ban tashi ba. In muna addu'ar da Ubangiji ya koya mana, muka iso wurin da ake roƙon gafara kamar yadda mu ma muke gafartawa, sai in rufe bakina har a wuce wurin. Na ce ba zan yi wa Allah ƙarya sau biyu ba.

A cikin mako ukun nan Rifkatu ta zube. Daga ɗaki zuwa bayi sai ta huta a hanya. Babanta ya lallashe ta, ya yi faɗa, har ya kawo mota ƙofar gida. Ta riƙe ƙafar gado tana kuka. Fasto ya zo ya ce mata komawa asibiti ba zunubi ba ne. Ta ce, “Baba Fasto, ba da kai na yi wa'adin ba.” Na gane ko mun ɗauke ta da ƙarfi, wata shida ba za mu iya buɗe mata baki kullum ba. Mutum ɗaya ce za ta iya kwance ta, ita ce kuma wadda na kora.

Wata safiya shafin ranar ya kai ni labarin kutaren nan goma da suka roƙi Ubangiji jinƙai. Bayanin ɗan littafin duk a kan godiya yake, a kan guda ɗayan da ya dawo ya gode bayan sun warke. Amma yatsana ya tsaya a sama da nan. Kafin komai, Ubangiji cewa ya yi su je su nuna kansu ga firistoci. Na karanta sau uku. Bayan na gama shara na je wurin matar fasto na tambaye ta, me ya haɗa kuturu da firist? Ta ce a zamanin, firist ne aka ba aikin duba fatar mutum. Shi zai duba, wani lokaci ya ce a dawo bayan kwana bakwai ya sāke dubawa, sai ya tabbatar sannan mutum ya koma cikin jama'a.

Na dawo gida ina tafiya ina tsayawa. Ashe shi da kansa, mai warkarwar, bai ce su wuce mai dubawa ba. Mu kuwa mako ɗaya ya rage a sāke duba kakin Rifkatu muka ɗauki faranti.

Na san wannan maganar Yaya za ta saurara, don daga Littafi ta fito. Amma sai na taka zuwa gidanta. Kwana biyu ina zaune a kan maganar. Da zan so in ce muku shafin washegari a kan gafara ya yi magana, amma a kan baikon da ake bayarwa a majami'a ne. Iya Mairo ce ta tashe ni. Ta shigo da kunun gyaɗa, ta leƙa ɗakin Rifkatu, ta fito ta zauna kusa da ni. Na ba ta labari duka.

Ta ce, “Ni ban san littafinku ba. Amma yarinyar nan ba ta da mako da yawa. Fushin ki ajiye shi a wurina, in kin dawo ki karɓi abinki.”

Da hantsi na tarar da Yaya Hannatu a tsakar gidanta tana wanke kalwa, don daddawa take yi. Na durƙusa na gaishe ta kamar kullum. Ta amsa ba ta dube ni ba.

Na ce, “Yaya, karatu na kawo ki duba mini, kamar da.”

Ta goge hannu a zani ta sa tabarau. Na buɗe na karanta da yatsa. Na yi tuntuɓe a wuri ɗaya, ta gyara mini, don ba ta iya jin kuskure ta ƙyale. Da na kai wurin firistocin na tsaya. Na gaya mata abin da matar fasto ta ce.

Ta ce, “Na karanta wurin nan kafin ki san biro.”

“Na sani, Yaya. Shi ya sa na kawo miki.”

“Maigidana a gadon asibiti ya mutu, Saratu, da magani a bakinsa. Tun ranar na ce ba zan ƙara dogara ga ƙwaya ba.”

Na ce, “Ban ce ki dogara gare ta ba. Cewa na yi mu kai ta a duba.” Sai na kwance bakin zanina na fito da ƙyallaye uku na ajiye a kan murfin tukunya. Ta ɗauki ɗaya ta buɗe. Yadin ragowar atamfar zumuntar mata ne, irin wanda ke jikinta.

“Tun yaushe?”

“Ya kai wata. Yaya, ban zo don na huce ba, ban huce ba. Amma ni na miƙa miki maganin nan da hannuna, ni na kori mutumin da ya biyo mu har gida. In za a yi shari'a, tare za mu tsaya. Ki zo ki kwance yarinyar nan.”

Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta bar kalwar a cikin ruwa, ta ɗauki mayafi, ta riga ni fita.

Da ta ga Rifkatu sai ta dafa bango. Ta zauna bakin gadon ta kama hannunta biyu kamar ranar wa'adin. Ta ce, “Ni na ɗaura miki abin nan, ba Allah ba. Na kwance. Tashi mu je.”

Rifkatu ta ce, “Gwaggo, mutane fa?”

“Mutane nawa ne. Ki bar ni da su.”

Malam Sani bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi, “Kun dawo. Hau sikeli.” Nauyinta bai kai na ranar farko ba. Ya ce abin da yake tsoro shi ne kada cutar ta waye da maganin. In ta waye, sai wani magani mai wuya, mai tsawo, a wani asibiti mai nisa. Aka ɗauki kaki, aka ba ta gado saboda rashin ƙarfi. Kwana huɗu muna jiran sakamako. Ni da Yaya muna zaune a kan tabarma ɗaya a barandar ɗakin mata, ba mai ce wa wani komai sai “miƙo kofin”. Ruwa sai mun saya a wurin 'yan garuwa. Wata nas in ka kira ta kamar ka zage ta. Wata kuma, 'yar siririya, ita ta riƙa juya Rifkatu tana kiran ta ƙawata. Allah ya saka mata.

Rana ta huɗu Malam Sani ya zo da takarda. Ya ce, “Maganin yana kama ta har yanzu. Amma wata biyun can sun tafi. Daga ɗaya za mu fara.”

Na ce, “Ko daga ina ne, Malam.”

Lahadin da ta biyo baya Yaya Hannatu ta fito gaban ikilisiya da farantin nan, ba komai a kai. Ta faɗi abin da ke ƙarƙashin ƙyallen ranar godiya, ta faɗi wanda ya sa aka kawo shi. Ta ce Rifkatu ba ta yi ƙarya ba, ita ce ta sa ta yin shaida kafin mai dubawa ya duba. Wasu mata sun yi gunaguni, har wata ta ce bangaskiyar gidanmu ce ta yi rauni. Maman Chidi mai shagon taya, ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu Ibo, ta aiko da kiret na ƙwai. Fasto ya ce daga ranar, duk mai kawo magani gaban majami'a ya haɗo da takardar asibiti.

Zagaye na biyu ya fi na farko wuya. Makon farko amai. Mako na uku gaɓoɓinta suka riƙa ciwo, Malam Sani ya ce daga maganin ne, ya ba ta abin da zai rage. Sai a wata na biyu ta iya share ɗakinta. Na dawo da fensir. Kullum gari na wayewa sai in ji sallamar Yaya, ta tako tun daga unguwarsu. Ban gayyace ta ba, ban kuma hana ta ba. Rifkatu ta haɗiye, Yaya ta ce, “Buɗe baki in gani. Ɗaga harshe.” Rifkatu ta ce, “Gwaggo, kin fi Malam Sani tsanani.” Ni in yi alama, in yi karatu.

Da wata biyu ya sāke cika, kumatu suka dawo, wata mata ta tare mu a ƙofar majami'a ta ce ai yarinya ta warke. Yaya ta ce mata, “Suma cutar ta yi.” Matar ba ta gane ba, muka wuce.

Kuna so ku ji ranar da na gafarta mata. Ban san ranar ba. Na dai san a wata na huɗu, wata safiya muna addu'ar Ubangiji mu uku, na ji bakina ya wuce wurin nan bai tsaya ba. Na kuma san har yanzu, in na ji Rifkatu tana haki bayan ta ɗebo ruwa bokiti ɗaya, abin yakan taso mini, a kan Yaya da kuma a kaina. In ya taso sai in kai shi karatun washegari. Iya Mairo takan tambaye ni ta kan katanga yaushe zan zo karɓar ajiyata. In ce mata ta ƙara riƙe mini.

An duba kaki a wata na biyu, an duba a na biyar, an duba a ƙarshe. Babu komai. Hoton ƙirji ya nuna tabo a huhu ɗaya, likita ya ce da shi za ta zauna. Ba ta iya jan waƙa mai tsawo yanzu, wata ce ke bayarwa, ita tana buga tulu a bayansu. Wannan shi ne abin da wata huɗun da muka tsallake suka ci mana, kuma mun san da ya fi haka.

Ranar da aka sallame mu na ga takardar duk Turanci ce. Na roƙi Malam Sani ya rubuta mini da Hausa a ƙasa. Ya yi dariya ya rubuta.

'Yar'uwa, in tari ya wuce mako biyu a gidanki, ki kai a duba kaki. In an ce wata shida, ki yi addu'a wata shida, ki ba da magani wata shida. In mai ƙaunarki ya ce ki ajiye, ki ce masa ya raka ki wurin mai dubawa tukuna.

Godiyar kaka ta sāke zagayowa. Muka fito mu huɗu, Yohanna da kaza a hannu, Yaya da farantin. A kai akwai katin asibiti, kowane gida a cike, da ɗan littafina mai alamun fensir, da takardar. Mata suka fara gyara murya za su yi guɗa. Yaya ta ɗaga hannu.

“Ku dakata. Saratu za ta karanta tukuna.”

Na sa yatsa a kan layin Malam Sani. Ban yi tuntuɓe ba, Yaya ba ta sami abin gyarawa ba.

“Rifkatu Yohanna ta gama magani. An duba. Ta warke.”

Sannan na ce musu to, yanzu ku yi.